Daga titin Harlem zuwa fadar shugabanni: abin da hip hop ya koya wa mai zane Kehinde Wiley

A shekarar 2023 an yi wasu bukukuwa biyu da tazarar wata ɗaya da rabi, waɗanda a ido babu abin da ya haɗa su. Ranar 11 ga Agusta birnin New York ya yi bikin cikar hip hop shekara 50. Ranar 26 ga Satumba kuma gidan tarihi na Quai Branly da ke Paris ya buɗe baje kolin manyan zane-zane 11 na shugabannin ƙasashen Afirka, masu ci da waɗanda suka sauka, ƙarƙashin sunan «Dédale du pouvoir», wato ruɗaɗɗiyar hanyar mulki. Wanda ya zana su, Kehinde Wiley, Ba'amurke ne da mahaifinsa ɗan Najeriya ne, kuma ta hanyar hip hop ya fara yin suna. Shekaru 20 kafin wannan baje koli, samarin unguwar Harlem yake tarewa a kan titi, masu faffaɗan wando da hular hana-sallah, ya zana su cikin tsayuwar sarakunan Turai.

Tafiyar da ta ɗauke shi daga waɗannan samari zuwa fadar Faure Gnassingbé da ta Denis Sassou Nguesso ta yi kama da tafiyar hip hop ɗin kansa, wanda ya tashi daga unguwannin talakawa ya zama babbar kasuwa. Shi ya sa aikin Wiley ya shafi duk wanda ke bin waƙar rap a Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa, ko da bai taɓa shiga gidan baje kolin zane ba. Tambayar da aikin ke tayarwa tsohuwa ce a ƙasar Hausa: idan mai fasaha ya samu hanyar ɗaukaka talaka, me ke faruwa ranar da sarki ya kira shi fada?

Yaron Los Angeles

An haifi Wiley a 1977 a Los Angeles. Ɗan tagwaye ne, kuma sunansa ya nuna haka, domin a wurin Yarabawa Kehinde shi ne wanda ya zo na biyu, kamar Husaini a wurin Hausawa. Mahaifinsa ya koma Najeriya, mahaifiyarsa ce ta raine shi da ƴan uwansa a kudancin birnin, yankin da aka sani da talauci da gungun ƴan daba da tsangwamar ƴan sanda. Daga wannan ɓangare na Kaliforniya ne ƙungiyar N.W.A ta fito da faifanta na 1988 da ya girgiza Amurka. Wiley yana da shekara 15 lokacin da tarzomar 1992 ta ƙone unguwannin, bayan kotu ta wanke ƴan sandan da suka lakaɗa wa Rodney King duka.

Don ta janye shi daga titi, mahaifiyarsa ta sa shi ajin koyon zane tun yana ɗan shekara 11. A nan ya fara zuwa gidajen tarihi, ciki har da na Huntington, inda hotunan attajiran Ingila na ƙarni na 18 ke rataye, sun sha siliki, suna kallon mai kallo daga sama. Ya ƙware a irin wannan zane, amma babu fuska ɗaya mai kama da tasa a bangon. Ya yi karatu a San Francisco, ya samu babban digiri a jami'ar Yale a 2001, sannan ya samu gurbin zama a gidan zane na Studio Museum da ke Harlem.

A Harlem ne ya tsinci wata takarda a ƙasa, irin wadda ƴan sanda ke bugawa da hoton wanda suka kama: wani saurayi baƙar fata, an ɗauke shi ta gaba, da bayanansa a gefe. Ya kai ta ɗakin aikinsa ya manna a bango. Abin da ya lura da shi shi ne, wannan ma hoton mutum ne kamar na attajiran Huntington, sai dai attajirin shi ya zaɓi tsayuwarsa da tufarsa, saurayin kuwa ba a tambaye shi komai ba. Daga nan ya fara fita titi yana roƙon samarin da bai sani ba su biyo shi. Sai ya buɗe musu littafin tsofaffin zane-zanen Turai, kowa ya zaɓi tsayuwar da ta burge shi, a ɗauke shi hoto cikin kayan da ke jikinsa, sannan a mayar da hoton babban zane.

Dabarar mai faifai a hannun mai fenti

Mai kallo na farko zai ce tasirin hip hop a aikin Wiley tufafi ne: takalmin Timberland, rigar ƙwallon kwando, sarƙa a wuya. Waɗannan suna nan, amma tasirin ya fi zurfi a yadda ake haɗa aikin.

Hip hop ya fara ne ranar 11 ga Agustan 1973 a wani biki a unguwar Bronx, inda DJ Kool Herc, matashi haifaffen Jamaika, ke juya faifai. Ya lura cewa masu rawa sun fi zabura a ɗan gajeren wurin da mawaƙi ya yi shiru ganga kaɗai ke tashi. Sai ya riƙa amfani da kwafi biyu na faifai ɗaya yana maimaita wannan wuri. Samarin Bronx ba su da kuɗin sayen kayan kiɗa, amma akwai tsofaffin faifan iyayensu a gida. Daga nan aka samu ginshiƙin hip hop: a tsakuro gutsure daga tsohuwar waƙa, a ɗora sabuwar magana a kai. Masu sauraron rap na Faransa sun san misalinsa a waƙar MC Solaar ta 1994, «Nouveau Western», wadda aka gina a kan kiɗan Serge Gainsbourg.

Abin da Wiley ke yi da fenti ke nan. Zanensa mafi shahara na 2005, wanda ke gidan tarihi na Brooklyn, tsakure ne daga aikin Jacques-Louis David na 1801, mai nuna Napoleon Bonaparte a kan doki ya yi tsaye da ƙafafun baya yana ƙetare tsaunukan Alpes. Duk wanda ya yi lakkal da littattafan Faransa ya san wannan hoto. Wiley ya bar dokin yadda yake, ya bar mayafin da iska ke kaɗawa da yatsan da ke nuna gaba. Mahayin kaɗai ya sauya: baƙar fata ne cikin kaki mai rodi-rodi irin na soja, da ƙyalle a kai da Timberland a ƙafa. A dutsen da David ya rubuta sunayen Bonaparte da Hannibal da Charlemagne, Wiley ya ƙara wani suna, Williams, suna gama-gari tsakanin baƙaƙen Amurka. Zanen ya kusa mita 3 a tsaye da kwance.

Tsakure yana aiki ne idan mai sauraro ya gane tushen. Wanda ya san tarihin hoton David zai ga abu biyu. Na farko, hoton tun asali farfaganda ne, domin a gaskiya kan alfadari Napoleon ya haye tsaunin a watan Mayun 1800. Na biyu, shi wannan Napoleon ne ya maido da bauta a yankunan da Faransa ke mallaka a 1802. Ɗora jikan bayi a kan sirdinsa magana ce da ba ta buƙatar fassara. A 2019 an rataye zane-zanen biyu a wuri ɗaya a fadar Malmaison, tsohon gidan Napoleon da matarsa Joséphine kusa da Paris, daga baya aka kai su Brooklyn.

Wiley ba shi ne mai zane na farko da ya yi hulɗa da hip hop ba. Jean-Michel Basquiat ya fara da rubutu a bangon New York, har ya shirya faifan rap mai suna «Beat Bop» a 1983. Sai dai Basquiat ya ɗauki saurin titi da ƙazantarsa ya shigar da su cikin zane, shi kuwa Wiley ya riƙe gogewar tsofaffin gwanayen Turai, ya ɗauki dabarar mai juya faifai.

Kirari da fenti

Abu na biyu da ya ɗauka shi ne yabon kai. Mawaƙin rap yakan buɗe baki da faɗin sunansa da unguwarsa da abin da ya fi kowa. Turawa da yawa sun ɗauki wannan a matsayin girman kai, amma ga Bahaushe ba baƙon abu ba ne. Ɗan kokawa a filin Tawa ko Maraɗi yakan yi wa kansa kirari kafin a kama, haka ɗan dambe da mafarauci. Mutumin da ba shi da sarauta ba shi da dukiya yana da bakinsa, kuma da shi yake kafa matsayinsa a gaban jama'a.

Zane-zanen Wiley kirari ne da aka yi da launi. Girmansu ya fi na mutum, firam ɗinsu na ruwan zinariya ne, wanda aka zana kuma yana kallon ƙasa-ƙasa kamar basarake. Saurayin da mai gadin kanti ke bi da ido a Harlem, ga shi a bangon gidan tarihi sai an ɗaga kai a gan shi. Makaɗa Ɗan Anace ya yi irin wannan aiki da Shago: ɗan dambe ne ba ɗan sarki ba, amma waƙa ta sa sunansa ya zarce na hakimai da yawa na zamaninsa.

A 2005 tashar talabijin ta VH1 ta ba Wiley aikin zana taurarin da za ta karrama a bikinta na hip hop. Zaɓin da suka yi ya bayyana abin da ke ransu. An zana Ice-T a kan karaga kamar yadda Ingres ya zana Napoleon a 1806. LL Cool J kuwa ya nemi zaman John D. Rockefeller, attajirin man fetur, kamar yadda John Singer Sargent ya zana shi. Mawaƙin da ya tashi a unguwar Queens bai zaɓi ɗan tawaye ko waliyyi ba, ya zaɓi wanda ya fi kowa kuɗi. Tun a wannan lokaci ana iya ganin cewa kirarin hip hop fuska biyu gare shi: akwai neman mutunci ga wanda aka raina, akwai kuma kwaɗayin kujerar wanda ya raina shi.

Atamfa, Legas da Dakar

Bayan mutanen da Wiley ke zanawa ba a ganin fili ko fada. Ado ne ke cika wurin, furanni da ganyaye da zayyana irin ta atamfa ko ta labulen gidan masu kuɗi, har rassan kan zagayo su hau jikin mutumin. Wannan ma ya yi daidai da kiɗan da ke maimaita kansa a bayan muryar mawaƙi. Mutanen Afirka ta Yamma sun saba da irin wannan kallo tun zamanin Seydou Keïta, mai ɗaukar hoto na Bamako, wanda ke rataya zane mai ado a bayan waɗanda yake ɗauka.

Daga tsakiyar shekarun 2000 Wiley ya faɗaɗa aikin zuwa wasu ƙasashe: Sin, Brazil, Indiya, Isra'ila, Jamaika, Haiti, Faransa. Abin da ya gano shi ne, duk inda ya sauka ya tarar da samari cikin kayan hip hop, ko a unguwannin Rio ko a Dakar. A jerin zanen Legas da Dakar da ya nuna a 2008, ya bar littafin Turai ya ɗauko tsayuwar daga mutum-mutumin da ke dandalin waɗannan birane, adon baya kuma daga zannuwan kasuwa. A 2010, shekarar gasar cin kofin duniya a Afirka ta Kudu, kamfanin Puma ya ba shi aikin zana Samuel Eto'o na Kamaru da John Mensah na Ghana da Emmanuel Eboué na Côte d'Ivoire.

Dangantakarsa da nahiyar ta wuce ziyara. Yana ɗan shekara 20 ya je Najeriya neman mahaifinsa, ya kuma same shi. A 2019 ya buɗe Black Rock a bakin teku a Dakar, gidan da masu zane da marubuta da masu shirya fim daga ƙasashe daban-daban ke zuwa su zauna su yi aiki na ƴan makonni ko watanni. Nan ma akwai halin hip hop: mawaƙin da ya samu ɗaukaka yakan kafa kamfaninsa ya jawo na baya.

Wa ke kan doki a dandali?

Shekarar 2018 ce ta kai sunansa ko'ina. Ranar 12 ga Fabrairu aka buɗe zanen Barack Obama da ya yi wa gidan adana hotunan manyan Amurka a Washington. Shi da Amy Sherald, wadda ta zana Michelle Obama, su ne baƙaƙen fata na farko da aka ba irin wannan aiki. Obama na zaune a kujera ba tare da laƙataye ba, ganye ya kewaye shi, da furanni uku masu nuni da Kenya da Hawaii da Chicago.

Aikin da ya fi nuna ƙarfin dabararsa a siyasa ya zo a shekara mai bi. A birnin Richmond na jihar Virginia, tsohuwar hedkwatar jihohin kudu da suka yi yaƙi don kare bauta, akwai wani babban titi wanda a lokacin yake ɗauke da jerin mutum-mutumin janar-janar ɗinsu. Wiley ya tsakuro na Janar J.E.B. Stuart, ya ƙera nasa da tagulla mai tsawon kusan mita 8: doki iri ɗaya, juyawar jiki iri ɗaya, amma mahayin saurayi ne baƙi mai tukkun gashi, da riga mai hula da yagaggen wandon jins da takalmin Nike. An fara nuna shi a dandalin Times Square na New York a Satumban 2019, aka kafa shi a Richmond a Disamba. Wata biyar bayan haka ɗan sanda ya kashe George Floyd, zanga-zanga ta ɓarke, kuma a Yulin 2020 aka sauke mutum-mutumin Stuart. Tsakuren ya rage a tsaye, tushen ya tafi.

Mazauna Yamai sun ga irin wannan muhawara da idonsu. A Oktoban 2024 hukumomi suka sauya wa titin Charles de Gaulle suna zuwa Djibo Bakary, aka kuma maye gurbin hoton Parfait-Louis Monteil, sojan Faransa mai binciken ƙasa, da na Thomas Sankara. Hanyoyin sun bambanta, domin a Yamai hukuma ce ta cire ta sa, a Richmond kuwa mai zane ne ya fara ajiye amsa kusa da abin da yake ƙalubalanta. Amma batun ɗaya ne: fuskar da aka ɗaga a dandali tana gaya wa yaran gari wanda ya cancanci girma.

Inda gizo ke saƙa

Masu suka ba su bar Wiley ba, kuma sukarsu kusan ita ce ake yi wa hip hop. Ta farko ita ce maimaici: an gano dabara ɗaya mai sayuwa, ana ta juya ta shekara 20. Ta biyu ita ce hannun da ke aikin. Wiley yana da ɗakunan aiki da mataimaka, ciki har da na Beijing, waɗanda ke taya shi musamman wajen adon baya. Masu kare shi kan tuna cewa Rubens ma da almajirai ya yi aiki, kuma faifan rap ba mutum ɗaya ke haɗa shi ba.

Ta uku ta fi nauyi, ita ce ta kuɗi. Zanen Wiley kan kai ɗaruruwan dubban daloli a kasuwar gwanjo, kuma masu saye attajirai ne da gidajen tarihi. Saurayin da aka tare a titi ya ba da fuskarsa, amma idan aka sake sayar da zanen ba shi da kaso. Hip hop ya san wannan ciwo. Clyde Stubblefield, mai gangar James Brown, an tsakuri bugunsa na «Funky Drummer» a ɗaruruwan waƙoƙi, bai samu rabon da ya dace da haka ba har ya rasu a 2017.

Akwai kuma masu cewa kayan aro ba ya ado. Idan sai baƙar fata ya hau dokin Napoleon kafin a ga girmansa, ashe har yanzu Napoleon ne ma'auni. Wannan suka tana da ƙarfi a ƙasashen da ke da nasu mahaya, kamar waɗanda ke fita hawan sallah a Damagaram.

A 2024 wata matsala ta daban ta taso, lokacin da wasu mutane suka zarge shi da cin zarafi. Ya musanta zargin, amma wasu gidajen tarihi a Amurka sun dakatar da baje kolin aikinsa da suka shirya.

Daga titi zuwa fada

Duk waɗannan tambayoyi sun haɗu a baje kolin Quai Branly. Wiley ya fara aikin a 2012, ya yi shekaru yana bin fadoji a asirce. Ya bi tsarin Harlem sak: ya buɗe wa kowane shugaba littafin tsofaffin hotunan sarakuna da janar-janar na Turai, suka tattauna tsayuwa da tufa da wuri. Cikin waɗanda suka amince akwai Macky Sall, Olusegun Obasanjo, Nana Akufo-Addo, Alassane Ouattara, Paul Kagame, Félix Tshisekedi, Alpha Condé, Sahle-Work Zewde ta Habasha, da Faure Gnassingbé da Sassou Nguesso.

Dabarar ba ta sauya ba, amma ma'anarta ta juye. Lokacin da saurayin Harlem ya tsaya kamar sarki, tazarar da ke tsakanin rayuwarsa da tsayuwar ita ce saƙon. Idan mai riƙe da soja da baitulmali ya tsaya kamar sarki, babu wata tazara. Sassou Nguesso ya mulki Kongo daga 1979 zuwa 1992, ya dawo a 1997. Faure Gnassingbé ya gaji mahaifinsa a 2005 bayan shi mahaifin ya yi shekara 38 a kan mulki. Alpha Condé ya sauya kundin tsarin mulki a 2020 don wa'adi na uku, sojoji suka kifar da shi a Satumban 2021, shekara biyu kafin a rataye hotonsa a Paris. Wurin ma abin lura ne, domin Quai Branly shi ne gidan da ke riƙe da dubban kayan tarihin Afirka, wanda sai a 2021 ya mayar wa Benin guda 26.

Matsayin Wiley shi ne, aikin bincike ne kan yadda mulki ke nuna kansa, ba hukunci kan mulkin kowa ba. Masu goyon bayansa na ganin akwai hannunka-mai-sanda a ciki: ka bar mai mulki ya zaɓi yadda yake son a gan shi, shi da kansa zai tona abin da ke zuciyarsa. Masu adawa kuma na cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma ko ba a biya da kuɗi ba, buɗe ƙofar fada ma lada ne.

A nan ne kwatanci da hip hop na Afirka ke da amfani, domin a shekarun da Wiley ke zagaya fadoji, mawaƙan rap na yankin suna kan titi. A Senegal, Thiat da Kilifeu na ƙungiyar Keur Gui suna cikin waɗanda suka kafa Y'en a marre a 2011 don hana Abdoulaye Wade zarcewa, daga baya kuma ba su raga wa Macky Sall ba. A Burkina Faso, Smockey na cikin jagororin Balai Citoyen da suka taka rawa wajen korar Blaise Compaoré a 2014. A Nijar ma, tun ƙarshen shekarun 1990 ƙungiyoyi irin su Lakal Kaney da Wass Wong da Kaidan Gaskiya suka sa Hausa da Zabarmanci cikin rap, suna magana kan rashin aikin yi da cin hanci da halin ƴan makaranta.

Makaɗan fada na ƙasar Hausa sun daɗe da sanin wannan matsala, kuma suna da maganinta. Narambaɗa da Ɗanƙwairo sun yabi sarakuna, amma a cikin waƙa ɗaya akwai zambo da habaici, akwai kuma tunatar da sarki abin da sarauta ta ɗora masa. Yabon yana da daraja ne saboda kowa ya san bakin da ya yaba zai iya yanka. Hip hop ya gaji bakin nan mai kaifi biyu. Wiley ya ɗauki tsakure da kirari ya kai su matsayin da babu mai zanen da ya kai su. Zambon ne ba a gani ƙarara a hotunan shugabannin, sai dai mai kallo ya zo da nasa.

Abin da ya rage wa na baya

Ga matasan da ke zana allon shagon aski a Maraɗi, ko hoton mawaƙa da ƴan ƙwallo a bayan manyan motoci, ko masu haɗa hoto a waya, darasin Wiley mai amfani bai dogara da Yale ko Paris ba. Ya nuna cewa tsohon hoto kaya ne da za a iya tsakura a sa shi ya faɗi sabon abu, kuma mutumin da ke wucewa a titi ya isa a zana shi da girman sarki. Kayan tsakure kuwa ba su ƙare ba a nan: hotunan zamanin mulkin mallaka da aka ɗauki kakanni ba da izininsu ba, zayyanar bangon unguwar Birni a Damagaram, kwalliyar dawakin sallah, tsayuwar ɗan kokawa da ya ɗaga takobi. Ɗan kabu-kabu da mai tallar fura da ɗan fada da ke dafa shayi har asuba ba su taɓa ganin kansu a irin wannan matsayi ba.

Ɗaya darasin kuma gargaɗi ne. Dabarar da ke ɗaga wanda ba shi da komai za ta ɗaga mai komai da sauƙi iri ɗaya, kuma shi ne ke da abin biya. Hotunan shugabannin sun bar Paris a Janairun 2024, aka kai su gidan tarihin wayewar baƙar fata da ke Dakar cikin shekarar. Kafin su isa, ƴan Senegal sun riga sun kaɗa ƙuri'a a watan Maris, Macky Sall ya miƙa mulki ga Bassirou Diomaye Faye, wanda kwana goma kafin zaɓen yana gidan yari.